Wanga Ba Ni Na Ba

Ranar Lahadin da ta wuce, ana tsakiyar cin kasuwar Illela, na raka kawuna shagon wani yaro a ɗauke shi hoto. Katin ƙungiyarsu ta dillalan bisashe za a sabunta, an ce kowa ya kawo ƙanana guda biyu. Kawu ya gyara zaman hula, ya haɗe rai kamar yadda duk dattijon kirki ke yi in ya ga kyamara, aka ce ƙyas, muka koma benci. Yaron ya shige bayan labule, muna jin fankar kwamfutarsa tana kuka kamar injin markaɗe. Da ya fito ya miƙo ambulan da hannu biyu, yana murmushin wanda ya yi aikin lada.

Kawu ya zaro hoton, ya kai shi nesa, ya matso da shi kusa, ya juya bayansa ko akwai bayani. Sannan ya ce, "Yaro, wanga wa na?"

"Kai na, Baba."

"A'a. Hula dai tawa ta, amma mai hular ban san shi ba."

Kawuna Bagobiri ne mai zane goma sha uku, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, sun taso daga gefen baki sun nufi kunne. Ya haura shekara saba'in yana yawo da abinsa. A hoton nan ko ɗaya babu. Kumatun sumul kamar bayan tangaran. Launin kuwa ba a magana: mutumin da ranar kara ta gasa tun zamanin sulalla, ga shi ya fito jawur kamar mai sayar da dabino a Madina. Gobirawa sun daɗe suna cewa asalinsu daga gabas ne, wajen Misira. To ga yaro ya mayar da Kawu gida cikin minti goma, ba biza ba kuɗin jirgi.

Na tambayi yaron ina zanen. Ya ce manhajar ce ta ɗauke su a matsayin tabo, shi kuma ya bi ya ƙarasa sauran. Tabo! Wanzami ya sammako ranar suna, ya wasa aska, ya tsuguna ya ja layi goma sha uku a fuskar jariri ba tare da hannu ya karkace ba, aka sallame shi da dawa da goro, shi ne yau ake lissafa aikinsa cikin ƙuraje. Alƙalawa ta faɗi a 1808, zanen nan bai faɗi ba. Ingila da Faransa suka zauna suka ja nasu layin, suka bar Sabon Birni a nan, Tibiri a can, zanen ya ci gaba da tsallakawa ba mai tambayarsa takarda. An rufe iyakar nan a 2019, aka buɗe a Disambar 2020, aka sake garƙame ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris na 2024, duk tsawon lokacin nan in Kawu ya leƙa Ƙonni fuskarsa ce ke yi masa sallama kafin bakinsa. Abin da ya gagari yaƙi da Turawa da kwastan, shi yaro ɗan shekara ashirin ya share da ɗan ɓeran kwamfuta, yana cin gyaɗa da ɗayan hannun.

Na yi lissafi a zaune. Abin da muka biya, in ka raba shi goma sha uku, kowane zane an goge shi a kan kuɗin da bai kai na ruwan leda biyu ba. Ko dillalin da ya fi kowa rashin tausayi a kara ba ya karya kaya haka. Kuma ina zanen suka tafi? Yaron ya ce suna nan "a leya ta ƙasa". Wato akwai wani ɗaki cikin kwamfutar nan inda ake jibge zanen Gobirawa da na Kabawa da na Zamfarawa, da furfurar tsofaffi da giɓin 'yan mata, duk a cakuɗe kamar kayan da aka kama a shingen kwastan ana jiran mai su ya zo da rasit.

Ban gama hucewa ba, da daddare ɗan ƙanena ya same ni a kan tabarma ya durƙusa. Tun daga irin gaisuwar na san da magana. Wai shi ma sana'ar hoto zai shiga, kyamara ya samu aro, laftof kawai ta rage. Na ce to, nawa? Ya ce ai Baba ba a fara da nawa, sai an duba ƙarfinta. Dole mai RAM goma sha shida. Ni dai abin da malamin firamare ya koya mini shi ne wannan kalma rago take nufi da Turanci, don haka na ce masa ko kakansa da ya yi suna a kara bai taɓa shiga sana'a da raguna sha shida ba. Ya yi dariyar da yaran yanzu ke yi wa wanda suke tausayi, ya ci gaba da karatu: Core i7, SSD, allon da ke nuna launi na gaskiya.

Launi na gaskiya. Na sa ya maimaita. Za mu sayar da buhunan albasa mu sayi allon da ba ya ƙarya, domin a zauna a gabansa a shirya ƙarya da kyau.

Ya zo mini da zaɓi uku. Akwai sabuwa dal, wadda kuɗinta in ka ji sai ka nemi wurin zama ko da a zaune kake. Akwai ta hannu daga Kano, ta layin Beirut, inda mai shago zai rantse maka wata tsohuwa ce a Landan ta yi amfani da ita, ita ma ranar Lahadi kawai. Tsohuwar nan ta Landan na daɗe ina jin labarinta, laftof ɗin da ta bari sun fi yawan mutanen Gwadabawa. Sai ta uku, 'yar Kwatano da ta biyo ta Ƙonni, wadda ake ciniki da sefa. Sefar da muke yi wa dariya a da, yau ita ke duban naira sama da ƙasa.

Ita 'yar Ƙonnin tana da nata hali. Madannanta na Faransa ne, inda muke da Q su A suke da shi. In aka ɗora mata tsarin Ingilishi ba a gyara ba, ka danna A sai Q ya fito. Da idona na ga katin ɗaurin aure da aka buga, uban amarya ya zama Qlhqji. Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya je Makka ya sha rana a Arfa, ya dawo da haƙorin zinare, madanni ɗaya ya tuɓe masa rawani. An raba katin haka nan, don an riga an buga ɗari uku, kuma ba wanda ya fasa zuwa cin shinkafa.

Abin da ɗan nawa bai sa a lissafi ba shi ne garin da zai ajiye ta. A nan, watan Afrilu zafi na haura digiri 40, ka ɗora ta a cinya sai ka ji kamar kaskon mai tsire. Hunturu ya zo ya cusa mata ƙurar Sahara a hanci, fanka ta fara tari. Wuta kuwa baƙuwa ce, ba ta faɗin ranar zuwa, ba ta sallama in za ta tafi. Na ce masa duk wanda zai sayi laftof a Illela tambaya ɗaya ce a gabansa: batirin zai kai daga azahar zuwa la'asar? Sauran duk waƙa ce.

Sai muka zo kan manhaja, nan ma wata huɗubar. Photoshop tun 1990 take duniya, ta girmi shi da yaron shagon duka. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sabbin fitowarta, sai dai haya wata-wata, kamar ɗakin kwana. Na ce to wa ke biya a garin nan? Ya sunkuyar da kai. Kowa ya san a filashi ake zuba ta, kamar yadda ake zuba waƙoƙi da wa'azi a wajen masu caji. Na ce na ji akwai GIMP, halal ce kuma kyauta. Ya yamutsa fuska, wai ba ta manya ba ce. Haka muke: a ba mu abu kyauta mu raina shi, mu fi son na sata mai suna. Kuma duk wannan kayan aiki, mai maɓallai kamar gaban jirgin sama, uku kawai ake taɓawa: na haske, na santsi, da na sauya bango. Wanda ko Kware bai wuce ba sai ka gan shi jingine da dogon benen Dubai, inuwarsa na kallon gabas, ta benen na kallon yamma.

Ba yau aka fara ado a hoto ba, na sani. Seydou Keïta na Bamako, wanda hotunansa suka zaga manyan gidajen nuni na duniya, yakan ara wa mutane rediyo ko agogo ko babur su tsaya da shi. Mu ma nan mun yi zamanin furen roba da wayar tangaraho marar igiya, kana riƙe da ita kana magana da bango. Amma rediyon aro ne, fuskar taka ce. Uwarka in ta gani za ta ce ɗana ne, sai dai ta tambaya ina ka samu agogo.

Yanzu har dabbobi ba su tsira ba. Gab da babbar salla, yaran dillalai na ɗaukar rago a waya su tura wa masu saye a Legas. Uda ne ɗan madaidaici, kafin ya isa WhatsApp ya zama balami, an ja ƙahon, an cika gadon baya, an wanke gashin fes. Wani har igiyar da ke wuyansa ta kumbura tare da shi, ta koma kamar ta ɗaure jirgin ruwa. Ga hanyar nan da aka ƙaddamar a 2024 daga Illela zuwa Badagry, kilomita dubu da ɗoriya. In an gama ta, mai saye zai iya tasowa da kansa ya zo neman sauran ragonsa.

Yaron shagon ya faɗa mini wata magana da ta hana ni barci. Ya ce, "Baba, in na ba mutum huskarshi yadda take, ba ya biya. Sai ya ce ban iya aiki ba." Gaskiyarsa ce, kuma a nan dariyar ke ƙare mini. Mu ne muke zuwa da baƙinmu mai kyau, mu biya kuɗi a kankare shi. Amarya ta sha mai na wata uku, mai kwalliya ta ɗora nata, mai hoto ya ƙarasa, ranar kai lefe dangin ango na duban hoto suna duban yarinya kamar masu tantance jabun kuɗi. Bara an turo mini cigiyar wani yaro da ya ɓata, ana roƙon duk wanda ya gan shi ya taimaka. Na san yaron, na san gidansu. Wallahi da ya wuce ta gabana da hoton nan a hannuna ba zan tsayar da shi ba. Duk gidan an rasa hotonsa guda ɗaya da ba a wanke ba. Allah Ya sa an same shi a tasha bayan kwana biyu, kuma wadda ta gane shi mai ƙosai ce da ba ta da waya.

Kawu dai ya kafe sai an mayar masa da kayansa. Ranar Talata muka koma. Yaron ya duƙufa neman leyar ƙasa, ashe wuta ta ɗauke ranar kafin ya adana, ɗakin ajiyar ya tafi da komai. Maimakon ya sake ɗauka, wanda shi ne aikin minti biyar, sai ya ce mu ba shi lokaci zai zana da hannu. Ya leƙa intanet neman samfuri, ya daɗe a bayan labule, ya fito da sabuwar ambulan.

Kawu ya ƙirga da ɗan yatsa. Uku a nan, uku a can, gajeru, a tsaye.

"Ƙaƙa? Yarbawa kab ba ni? Bayin namu?"

Duk wanda ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa ya san an gama da Kawu. Akwai wani Bayarabe mai sayar da kayan babur a bakin tasha, abokin tsokanarsa shekara talatin. Ban san wanda ya kai masa labari ba, amma kafin la'asar ya aiko yaro da goro biyu, wai a gaida ɗan'uwa, an daɗe ana jiran ya gane gida.

A ƙarshe ni na ɗauke shi da wayata a jikin bangon masallaci, muka kai aka wanke, zane goma sha uku cif, aka manna a kati. Na ce ya ba ni na farkon nan, na Misira, in yaga. Ya ce a'a, a bar shi, kuɗi aka biya. Jiya na gan shi a cikin aljihun gaban rigarsa, an ma yi masa leda, kuma na ji ƙishin-ƙishin wata bazawara a Araba ta ce ba ta san Kawu na da ƙane ba.