Daren da Waya Ta Naɗa Ni Dibelofa

Kwalin ne ya ja ni, ba iyafis ɗin ba. An jera masa haruffa da ruwan zinariya: SBC, AAC, aptX HD, LDAC. Mai shagon ya ɗora yatsa kan na ƙarshe ya ce, "Alhaji, in ka sa wannan, har numfashin mawaƙi sai ka ji." Ban taɓa taka Makka ba, amma tunda aka kira ni Alhaji a tsakiyar kasuwar waya, sai na ji nauyin neman ragi.

Ɗan ƙanwata mai karatun kwamfuta ne ya fassara mini haruffan. Ya ce bulutut hanya ce matsattsiya, sauti ba ya wucewa sai an matse shi a waya a warware shi a kunne, kuma tsarin matsewar shi ake kira kodek. SBC kowane iyafis yana da shi, dole ne, yana ɗaukar kilobit kamar 328 a daƙiƙa. aptX na kamfanin Qualcomm ne, mai HD ɗin yana kai 576. LDAC kuwa na Sony ne, yana kai 990, kuma tun 2017 aka sa shi cikin Android 8. "Amma Kawu," in ji shi, "sai waya da iyafis duk sun iya shi. Bafulatani da Babarbare in sun haɗu a kasuwa, kowa da yarensa, amma da Hausa za a yi cinikin. To SBC ita ce Hausar." Na gyaɗa kai. Duk bayanin nan 990 kaɗai ta zauna mini.

Da dare na bi kwatancensa. Na shiga saitin, na gangara wurin bayanin waya, na dinga danna lambar manhaja. A dannawa ta bakwai waya ta nemi lambar sirrina, sannan ta sanar da ni cewa na zama dibelofa. Ni da ban iya tura hoto ba sai an tsaya a kaina! Na gyara zama a kan tabarma.

Sai ga wani dogon jerin abubuwa da ban taɓa gani ba, kowanne da maɓallinsa. Ai sabon sarki ba ya wuce talakawa bai ɗaga hannu ba, don haka na taɓa biyu-uku a hanya. Nan take allon ya cika da akwatuna masu jan layi, duk inda yatsana ya bi kuma sai wani zare ya bi shi, wasu lambobi suna ta gudu a sama. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, wayar ce ta fashe?" Na ce aiki nake yi. Can ƙasa na iske wurin kodek na bulutut, na zaɓi LDAC. Iyafis ɗin a lokacin suna cikin gidansu suna caji. Na ciro su, na cusa a kunne, na kunna Mamman Shata.

Jama'a, abin da na ji a daren nan! Kalangu ya fito fes, 'yan amshi kowa da muryarsa, har na rantse akwai wani mai tari a bayan makaɗa wanda shekara da shekaru SBC ta ɓoye mini shi.

Washegari na kai labari majalisa. Iyafis ya zaga kunnuwa, ana goge shi da bakin riga. Wani tsohon hedimasta ya lumshe ido ya ce lallai fatar kalangun ta akuya ce. Mai shayi ya ce shi har tsikar jikinsa ta tashi. Akwai mai iPhone a cikinmu, na yi masa jaje, na ce tasa SBC da AAC kawai ta sani, 990 sai dai ya ji a bakinmu. Wannan kam gaskiya na faɗa. Bawan Allah ya mayar da wayarsa aljihu, bai ƙara magana ba har aka tashi.

Ran Juma'a yaron ya zo gaishe ni. Ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallon jajayen akwatunan bai ce komai ba, don yana da tarbiyya. Ya kashe su, ya haɗa iyafis, ya buɗe wurin kodek. SBC. Sauran sunayen duk sun yi fari-fari, ba sa dannuwa.

Na ce wani ya taɓa mini waya.

"Babu wanda ya taɓa, Kawu. Duk sanda suka haɗu sai sun sake tambayar juna abin da kowa ya iya. Wayarka ta iya LDAC, iyafis ɗin ne bai iya ba. Tun daren farko SBC kake ji."

"To mai tarin fa?"

Ya duba waƙar. MP3 ce mai kilobit 64, an kwafo ta daga kaset, ta bi wayoyi barkatai kafin ta iso gare ni. Ya ce ko LDAC na gaske aka kawo, ba zai dawo da abin da kaset ya cinye ba. In ma kira ake yi, duk kodek ɗin nan ajiye su ake, a koma wani ƙarami na magana zalla. Sannan ya ƙara da abin da ya fi ci mini rai: mai iPhone ɗin nan, in iyafis ɗinsa na kirki ne, da AAC ɗinsa ya fi ni jin sauti. Tarin kuwa, da muka cire iyafis muka kasa kunne, na maƙwabcina ne ta bayan katanga.

Na koma wurin mai shago da kwali a hannu. Ya juya shi, ya karanta, ya ce, "Alhaji, ai ba a yi ƙarya ba. An rubuta LDAC, ga shi kuwa a rubuce." Ya ciro wani mai sunaye shida, ya ce in cika kuɗi.

Na nufi majalisa da niyyar warware zancen, sai na tarar mai shayi ya riga ya sayo irin nawa, har da hedimasta, sun jera wayoyi a kan benci suna jiran dibelofa. Mai iPhone ma yana tambayar nawa za a yi masa musaya. Ina zan fara? Na ɗauki ta mai shayi na danna sau bakwai. A hanyar gangarawa yatsana ya goge wani maɓalli, jajayen akwatuna suka bazu, ni kuma ban ga inda yaron ya kashe su ba. Ya koma makaranta, sai hutu. Tun ranar shayina ba madara, kuma an ce in biya bashin baya.