Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam AUXTIN, Mai Auna Zafin Madabod

Malam AUXTIN,

Ya aiki, ya ɗawainiya? Da na tambaye ka ya zafi, sai dai amsarka ce ta ja wannan takarda.

Koke ya yi yawa a kanka. Mutum zai buɗe HWMonitor ko HWiNFO ya duba lafiyar kwamfutarsa, sai ya tarar kana faɗin digiri -128. Haba Malam! Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa kai tsaye a doron ƙasa -89.2 ne, a tashar Vostok ta Antatika a 1983. Kai kuwa kana cikin akwati a Sakkwato, tsakiyar Afrilu, jama'a na sharɓar gumi. A wani gidan kuma 127 kake shela, abin da ya zarce tafasar ruwa, alhali mai kaya ya dafa akwatin ya ji lafiya lau.

Mun binciki asalinka. Ashe kai ƙofa ce guda cikin ƙofofin wani ɗan cif mai suna Super I/O, irin wanda Nuvoton ke ƙerawa. Cif ɗin yana da wuraren jona sensa da dama, amma ba dole ne mai haɗa madabod ya jona su duka ba. Sau da yawa kai ake bari haka nan, babu waya babu sensa. Ƙidayarka kuma a bit takwas take, iyakarta daga -128 zuwa 127. Wato duk sanda ka faɗi ɗaya daga cikinsu, bango ka kai, ba awo ka yi ba. Halinka ɗaya da mutumin da baƙo ya tambaya hanya, bai sani ba, amma kunya ta sa ya miƙa hannu ya ce a bi can.

Gaskiya ɗaya ce, laifin ba naka kaɗai ba ne. Manhaja ba ta san yadda aka jona kowace ƙofa ba, shi ya sa take raɗa wa 'yan'uwanka suna TMPIN0, TMPIN1, TMPIN2, wanda ke nufin furosesa a wannan madabod ya nufi wani wuri a wancan. Wani sa'in ta karanta wani nau'in sensa da lissafin wani. In manhajoji biyu suka rutsa cif ɗin da tambaya lokaci guda, amsa kan rikice. Manya ma sun yi tasu: a 2017 furosesa Ryzen 7 1800X da 1700X na AMD sun fito suna ƙara digiri 20 a kan zafin da suke faɗi, da gangan, don fanka ta tashi da wuri.

Amma dubi ɓarnar da ka jawo. An sayi fankoki ba dalili, an goge man sanyaya mai kyau an shafa sabo, an biya mai gyara kuɗin duba abin da bai lalace ba.

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Yanzu muna shiga BIOS mu gwada lambobinsa da naka. Muna ɗora wa kwamfuta aiki mai nauyi mu zura ido: sensa na gaske yana hawa, in an huta ya sauka. Wanda ya ƙame a lamba ɗaya, ko yake tsalle ba kan gado, mun san gidansu. Furosesa ma tana da nata ma'aunin a ciki, takan rage gudu da kanta in ta doshi digiri 95 zuwa 100.

Roƙonmu ɗaya ne. In ba a jona maka komai ba, ka ce ba ka sani ba. Malamai sun ce faɗin haka rabin ilimi ne. In ka ƙi, HWiNFO ta ba mu ikon ɓoye sunanka daga jeri, kuma za mu yi.

Wassalam.

Naka,
Wani mai kwamfutar tebur