Yadda Ake Rufe Bakin PHP Kafin Iyayen Yara Su Gani

Wannan shawara taka ce, Malam mai kula da kwamfutar makaranta a Kauru, ko Geshere, ko Damakasuwa, kai da ka gaji shafin duba sakamakon jarrabawa daga wani ɗan bautar ƙasa da ya rubuta shi da harshen PHP, ya gama hidimarsa ya kama gabansa. Shafi yana aiki lafiya lau, sai kamfanin da ke ajiye muku shi ya ɗaga ku zuwa PHP 8. Aka wayi gari bajen makaranta ya nutse a ƙarƙashin dogayen layukan Turanci, wannan ya fara da Warning, wancan da Deprecated.

Da farko dai, kada ka karanta. Saƙon yana ɗauke da sunan fayil da lambar layin da matsalar take, wani lokaci har da abin da ya kamata ka sa a madadinsa, kuma duk wanda ya karanta ya ɗaukar wa kansa aiki. Idan shugaban makaranta ya kira, ka ce, "Ranka ya daɗe, sabis ne." A tsakanin duwatsun Kauru babu mai musa wannan.

Sai ka shiga aikin gaske, wato toshe baki. PHP ya tanadi hanyoyi, Allah ya saka wa masu shi. Akwai error_reporting(0), layi ɗaya tak a saman fayil, shafi ya koma tsaf kamar ba a yi komai ba. Akwai alamar @ da ake maƙala wa gaban umarni ta haɗiye ƙorafinsa. Dabarar direban motar haya ce: fitilar baƙin mai ta kama a gaban sitiyari, ya yanko salatif ya liƙe ta, ya ci gaba da lodin Saminaka. Masu sana'ar za su ce ai ɓoye saƙon daga idon baƙi daidai ne, muddin kana tura shi cikin fayil ɗin ajiyar kurakurai kana dubawa. Ka ɗauki rabin farko na maganarsu, ka bar musu sauran. Sai dai ka sani, tun daga PHP 8 alamar @ ba ta iya rufe kuskuren da ke kashe shafi ɗungurungum.

In abin ya faskara, ka koma baya. Kamfanoni da yawa suna barin mutum ya zaɓi tsohon zubi a cPanel. Zaɓi 5.6, wanda aka daina toshe masa kafofin ɓarayi tun ƙarshen 2018, ko 7.4 da aka sallama a Nuwamban 2022. Wa zai yi kutse don sakamakon 'yan aji biyu? Sunayen yara da lambobin wayar iyayensu ne kawai a ciki.

Kar ka manta da ƙorafin cewa ba a ba ka notis ba, kuma ka yi shi da ƙarfi, don hujjarsa ba ta da ƙwari. Tsohuwar hanyar mysql da ake haɗa shafi da rumbun bayanai, tun PHP 5.5 a 2013 aka fara cewa a bar ta, ba a cire ta ba sai a PHP 7, Disambar 2015. Umarnin each() ya fara kuka a 7.2 cikin 2017, aka binne shi a Nuwamban 2020. Ma'anar Deprecated ke nan: yau yana aiki, gobe babu shi, shirya. Mutanen harshen Python ma sun fi mu samun sarari, an fito da zubi na 3 a Disambar 2008, ba a rufe na 2 ba sai 1 ga Janairun 2020, amma ranar ta riski wasu suna salati. Masu cewa in kunne ya ji jiki ya tsira ba su taɓa gyaran fayil ɗari da wani ya rubuta babu bayani ba.

Game da gwaji kuwa, wasu sukan kwafi shafin a kwamfutarsu, su kunna duk gargaɗin, su bi su ɗaya bayan ɗaya, su hau zubi-zubi maimakon tsalle guda. Wannan na marasa tawakkali ne. Kai ka yi naka kai tsaye a kan shafin da jama'a ke gani, daren jajibirin ba da hutu.

Saura babbar garaɓasa, wadda ba ta zuwa da gargaɗi ko ɗaya. A ce malamai suna rubuta ABS a gurbin makin yaron da bai zauna jarrabawa ba. A PHP 7, in aka gwada wannan kalma da lamba, sai a ɗauke ta sifili, yaro ya tashi da F9. PHP 8 ya sauya doka: in kalmar ba lamba ba ce, lambar ce ake mayarwa rubutu, a gwada su harafi da harafi. A jerin haruffan kwamfuta kuwa A yana sama da 7. Saboda haka ABS ya zarce 75, yaron da ya yi makon jarrabawa yana gona ya ci A1 a lissafi da Turanci da kimiyya, shafi kuma fes, babu ja babu baƙi.

Kada ka taɓa wannan. Uban yaron ba zai kawo ƙara ba. In malamin lissafi ya zo da rajista a hannu yana rantsuwa bai ga ƙeyar yaron a aji ba, ka juya masa allon ya gani da idonsa, ka tambaye shi ko ya fi kwamfuta sani.