Iyayen 'Yan Jami'a, Kowa da Irin Tasa

Tura ɗa neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Rano. Tun kafin zuwan boko uba kan damƙa wa malami yaro da allonsa da ɗan buzunsa, a nausa gabas, Nguru ko Gashuwa ko Maiduguri, ba a sake ganinsa sai ya zama gardi. Wanda ya sauke kuma ya wuce Zariya neman nahawu, ko ya zauna a Madabo cikin birnin Kano yana ɗaukar fiƙihu. Abin da ya sauya shi ne wurin da tuwo ke fitowa. Almajirin allo shi ke ciyar da kansa. Ɗan jami'a kuwa, ko gemunsa ya kai ƙirji, cikinsa yana rumbun ubansa. Don haka duk ranar da aka ce a Zinyau wane ya sami gurbi a Bayero ko Wudil ko Samaru, mutum biyu aka ɗauka karatu, yaron da wanda ya haife shi, kuma jarrabawar na biyun ta fi zafi.

Akwai uban da za mu kira Akawu. Yana da wani tsohon littafin rubutu mai bango ja da yake ajiyewa ƙarƙashin katifa, kuma tun daga kuɗin fom ɗin JAMB da na takardar shaidar ƙaramar hukuma babu kwabon da bai shiga ciki ba. Ba ya lissafi da naira, da buhu yake yi. Rijista buhu kaza ce ta masara, ɗaki a Danbare buhu kaza ne na waken suya, kuma abin da ke ci masa rai shi ne makaranta ba ta san ana jiran hatsi ya yi daraja ba. Ita dai da kaka take buɗe baki, lokacin da tiya ta faɗi warwas. Wayarsa da yaron ba ta wuce minti biyu, amma ta ishi mai sauraro dariya.

"Baba, an ce mu kawo kuɗin dipatiman."

"Ba shi muka biya bara ba? Ɗaki aka ƙara masa?"

"Na bana ne, Baba."

"To ka taho min da rasit. Mai hatimi."

Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya haura, sai ya kafa doka: ba zuwa gida sai sallah, in kewa ta yi yawa a yi filashin. Da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki a 2024, tambayarsa ta farko ita ce ko akwai kuɗin ruwa. Aka ce babu, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ya yi shiru, ya buɗe sabon shafi, ya rubuta shi duk da haka. Amma a yi masa adalci: duk ƙorafin nan, ba a taɓa rufe rijista yaronsa yana waje ba. Yakan yi faɗan ne a kan hanyarsa ta zuwa wurin mai POS.

Matarsa, ko maƙwabciyarsa, ita ce Inna Mai Guzuri, wadda ta yi imani cewa da zarar an wuce Bunkure babu sauran abinci a duniya. Sati guda kafin tafiya gidan ya zama masana'anta. Ana dakan yaji da citta da masoro har maƙwabta na atishawa. Ga kuka an tankaɗe, ga busasshiyar kuɓewa, ga daddawa an cusa a gwangwanin madara, ga man gyaɗa a gorar ruwa an ɗaure bakin da leda ninki uku, ga ƙuli-ƙuli, ga garin kwaki, ga ƙanzo, ga garin kunu da tsamiyarsa, ga dambun naman zakaran da jiya da asuba shi ya tashi gidan. Sannan risho, da tukunya mai hannu ɗaya, da muciya, domin a ganinta muciyar birni ba ta tuƙa tuwo. Duk a ɗura a Gana-mas-go biyu, zif ɗin ya ƙi rufuwa, a kawo allura da zare.

A tashar Rano ake yin ta. Yaron ya sha sabuwar shadda da agogo, yana so a ɗauke shi ɗan birni, ga kamasho yana ɗaga jaka yana cewa wannan kuɗin kujera biyu ne, ga warin daddawa ya cika motar kafin a kai Karfi. Yana ta cewa, "Inna, don Allah a rage, ai ana sayarwa a can." Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi, tana can tana ƙulla masa gyaɗa soyayya a bakin jakar. Bayan sati uku, idan kuɗin aljihu suka ƙare aka shiga tsarin da ɗalibai ke kira sifili-ɗaya-sifili, wato ba karin kumallo, ba na dare, sai na rana kawai, 'yan birnin da suka toshe hanci ranar da ya sauka su ne ke zuwa da cokulansu suna tambayar lafiyar Inna. Da yawa daga masu digirin ƙasar nan ƙanzo ne ya yaye su, ko da yake ba a ambatarsa a jawabin godiya.

Wadda ta fi ba ni tausayi da dariya a lokaci guda ita ce uwar ɗan fari. Alkunya ta hana ta kiran sunansa tun yana zanen goyo, to yanzu da zai tafi Zariya ba za ta fara ba. Ranar tafiya kowa na zaure ana sallama, ita tana madafi tana hura wutar da ta riga ta kama. Idan ya durƙusa ya ce, "Inna, zan tafi," sai ta ce wa tukunya, "Allah Ya kiyaye hanya." Shi ke nan. Sai dai wanda ya leƙa bayan ɗaki zai ga turken jar akuyar nan babu kowa, kuma uwar adashi ta san wadda ta roƙi a ba ta ɗaukar wannan wata. Kuɗin suna ƙulle a tsumma, an ba ƙanwarsa: "Ungo, kai wa wancan." In ya bugo waya ba ta karɓa. Tana zaune dab da mai riƙe da wayar tana tsintar shinkafa, tana cewa, "Tambaye shi ko sanyin garin da sauƙi. Ce masa ya riƙa rufe ƙirjinsa." Yaron na jin muryarta sarai, ita ma ta san yana ji.

Kishiyar wannan hali na wurin Alhaji Baban Dakta. Shi ranar da sunan ya fito aka gama karatun. Yaro bai san ƙofar ajinsu ba, amma a majalisa da teburin mai shayi ya zama Dakta, ko Injiniya, ko Barista. "Dakta ya bugo jiya, suna ta fama da gawarwaki." Alhali karatun likita shekara shida ne, kuma ɗan shekarar farko bai wuce kimiyyar sinadarai da ta halittu ba, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano kuwa daga cikin adaidaita sahu yake hango shi. Idan ya zo hutu, tsofaffi na layi a zaure: wannan gwiwa, wannan hawan jini, wannan ta zo da kwalin maganin da aka rubuta mata a Kibiya a duba mata ko na gaske ne. Wani lokaci ma makin yaron bai kai ba, tuni aka mayar da shi sashen nazarin tsirrai, ya rasa bakin da zai faɗa. A nan wasan ke daina ba da dariya, domin ɗan da aka naɗa wa rawanin da bai kai ba, in ya faɗi jarrabawa ba ya iya zuwa gida da labarin; sai ya yi ta ɓoyewa har shekara ta ƙaru, a ɗora wa malamai laifi.

Yajin aikin ASUU na 2022 ya gwada Alhaji gwaji mai tsanani. Daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, wato tun daga sharar gona har girbin gero, Dakta yana gida da fartanya a kafaɗa. Aka tambayi Alhaji a majalisa, ya ce bincike aka turo su yi a kan ƙasar noma. Akawu ne kaɗai ya ga wata riba, don bai ɗauki 'yan ƙwadago ba a daminar, sai da ya tuna kuɗin ɗakin da ya biya na shekara suna can suna tafiya, ɓeraye na kwana a kan katifar.

Sai Mai Rakiya, wanda ba ya yarda ɗan shekara ashirin ya shiga mota shi kaɗai. Da babbar rigarsa yake bin layin rijista, yana riƙe da fayil, yana amsa tambayoyin da aka yi wa yaron. Yakan nemi a kai shi ya gaisa da hedimastan jami'ar. Da aka ce sai da izini, sai ya shiga cigiyar ɗan gida, kuma abin mamaki ba ya rasawa: mai gadi ne ko masinja ko mai sayar da katin waya, mutumin Rurum ko Tarai. Nan take zai damƙa masa amana, "In ka ga ya kauce, ka zane shi, ni na sa ka." Bawan Allah ya karɓi goro ya ce to, shi da yaron ba za su sake haɗuwa ba. Kafin ya tafi sai ya auna nisan masallaci da ɗakin kwana, ya ƙare wa abokan ɗakin kallo, ya tsaya a kan mai tarin suma ya ce, "Kai kuma ɗan wane gari ne, babu wanzami a garinku?"

Uban 'ya mace yaƙinsa daga cikin gida yake farawa. Gwaggo ta ce ɗakin miji shi ne jami'ar mace, baffa ya ce duniya ta lalace, liman ya yi gyaran murya. Shi kuwa yawanci ba dogon bayani gare shi ba. Ya taɓa kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare aka rasa mace ko ɗaya da za ta duba ta, abin bai bar ransa ba. Sai ya ce ungozoma za ta karanta, ko ta je Sa'adatu Rimi a Kumbotso ta fito malama. In akwai mai neman aurenta, a gaban waliyyai ake kafa sharaɗi cewa za ta ƙarasa, kuma saurayin ya amsa da sauri irin na wanda bai san tsawon samista ba. Bayan an kai ta, uban ya zama mai yawan harka a birni. Yau ya zo sayen taki, gobe ya zo duba wani mara lafiya, kullum "wucewa na zo yi na ce bari in leƙo," ko da makarantar ba a kan hanyar ko'ina take ba. Uwar kuma, wadda ta rasa mai taya ta daka da wanke-wanke, ba ta taɓa cewa ta gaji ba, sai dai ta ce wa kishiya, "Bar ta ta yi, mu da ba mu yi ba ga mu nan."

Kada a manta da kawun da ya ce, "Ka bar min komai, ai ɗana ne." Lambarsa ba ta shiga daga ranar da aka buɗe rijista.

Iyayen 'yan ƙasar waje su ma aji-aji ne. Tun da gwamnatin Kwankwaso ta tura ɗalibai 501 karatun digiri na biyu a 2012, sannan ta Abba Kabir Yusuf ta sanar da gurbi 1,001 a 2023, akasari Indiya da Yuganda, talaka ya san ɗansa na iya hawa jirgi ba don Makka ba. Uban ɗan Indiya ya yarda da komai ban da agogo. An ce masa suna gaba da mu da awa huɗu da rabi. Awa huɗun ya ji, rabin ne ya ce ƙarya ce, wace irin ƙasa ce rana ke fitowa da rabi. Uwar kuwa Indiyar da ta sani ta fim ce, fargabarta kada ya dawo da mata mai rawa a cikin ruwan sama. Akwai kuma mai cewa ɗansa na ƙasar waje, in ka bincika Maraɗi ce, wadda ta fi Abuja kusa da Kano. Amma ranar canjin naira zuwa sefa ba ya bukatar kowa ya tabbatar masa waje ne. Waɗanda 'ya'yansu ke Khartum kuwa, a Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke, ba su da abin dariya. Mutanen da ba su taɓa wuce Kwanar Dangora ba suka haddace Aswan da Port Sudan, rediyo a kunne, har aka kwaso yaran.

Na ƙarshe shi ne Mai Jiran Kaka, wanda ya ɗauki karatun a matsayin noma, kuma tun yaro na aji biyu ya gama rabon albashin da ba a fara biya ba: watan farko kwanon rufi, na biyu fansar gonar da aka jinginar, daga nan shanun huɗa, sai kujerar Makka. Ranar bikin yaye ɗalibai ya cika bas da dangi da kulolin waina, kowa ya ɗora hular nan mai tunku a kansa aka yi hoto, har kaka. A hanyar komawa ya matso kusa da yaron ya rage murya.

"To yanzu wane ofis suka ba ka?"

"Baba, sai an yi bautar ƙasa tukuna. Shekara guda."

"Ana biya?"

"Dubu 77 a wata."

"Alhamdu lillahi. A ina?"

"Kuros Riba. Kuma sai an ba ni kuɗin mota."