Ranar da Na Amsa Sunan Hajiya a Kotu

Motata Peugeot 406 ce, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kakuri can tsallaken kogi, kuma ta girmi babbar 'yata. Lambarta da DKA ta fara, wato Doka, alamar rajistar Kaduna ta Arewa ke nan, kamar yadda mutanen Makera suke da MKA. Shekara shida ke nan da na saye ta a hannun wani dillali. Ya miƙo mini takardunta cikin baƙar leda, ya ce in daure in je a yi canjin suna. Na ce to. Da na ji abin da za a kashe, sai na ce wa raina mota ba ruwanta da mai ita, mai kawai ta sani. Na cusa ledar a aljihun gaban mota na manta.

Ran wata Talata na taso daga makarantar da nake koyarwa, na biyo titin Ahmadu Bello zan gangara Kasuwar Gumi, sai ga kiran uwargida. Na saƙala wayar tsakanin kunne da kafaɗa, na ɗan jawo hula ta rufe ta, dabarar da na daɗe ina alfahari da ita. Ban ankara ba na ga hannu a sama. Masu tsayar da mota a Kaduna suna da yawa: ga 'yan sanda, ga jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988 zamanin Babangida, wadda Wole Soyinka ya fara shugabanta, ga 'yan KASTLEA na jiha, takwarorin KAROTA ta Kano. Ba zan faɗi waɗanda suka tare ni ba, don har gobe ta nan nake wucewa.

"Barka da rana, Malam. Waya kake yi?"

"Haba ɗana, wace waya? Kunnena ne yake ƙaiƙayi."

Rufe bakina ke da wuya wayar ta sulɓe ta faɗo kan cinyata, yatsana ya taɓa lasifika, muryar uwargida ta cika motar: "Malam, kana jina kuwa? Na ce har da daddawa!"

Yaron bai yi dariya ba, na yaba masa. Ya ce in kawo takardu. Na miƙa masa ledar gaba ɗaya, na shiga yi masa lacca kan yadda na koyar da waɗanda suka girme shi, wasu ma yanzu daraktoci ne. Yana rubutu yana cewa "haka ne, Baba." Ya nuna mini wurin sa hannu, na rattaba ban duba ba, ni da nake dukan tebur kullum ina gaya wa ɗalibai kada su sa hannu a abin da ba su karanta ba. Ya riƙe takardun mota, ya ba ni 'yar takardar tara, ya ce in biya a banki in kai rasit ofis in karɓi kayana. A Doka na taka doka, ita kuwa ta doke ni.

Kuɗin ba wani abin tashin hankali ba ne. Jadawalin da ke cikin dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ya sa naira 2,000 a kan rashin ɗaura bel, 4,000 a kan waya, 3,000 idan babu tukunyar kashe gobara; hukumomin jihohi kuma kowace da nata farashin. An ce a Finlan gwargwadon samun mutum ake yanka masa tara. Da haka ake yi a nan, ina jin sai sun ba ni canji. Da na wuce banki a ranar, da magana ta mutu. Amma daddawa tana jira, sai na tura takardar aljihun kaftani na ce gobe.

Gobe ta zama jibi, jibi ta zama Asabar, ranar da mai wanki yake zuwa. Ran Lahadi ya dawo mini da kaftanin ya sha sitaci da guga, ya kuma miƙo mini wani ɗan dunƙule kamar ƙullun fura, ya ce, "Alhaji, ga ajiyarka." Na warware shi a hankali da allura a kan faranti, yara sun zagaye ni kamar ana fiɗa. Abin da ya tsira kawai rabin hatimi ne da sa hannuna. Shi ko ɗigo bai goge ba.

Yanzu ba a biyan kuɗin gwamnati haka da ka. Sai an ciro maka lambar biya, irin wadda ake samu ta Remita tun da aka koma asusun bai-ɗaya a 2015, ita kuwa ba ta fita sai da lambar takardar tara, wadda ta bi ruwan omo. Na fara da wani shagon intanet a titin Katsina. Yaron shagon ya karɓi kuɗin bincike tun kafin ya kunna kwamfuta, ya buga sunana, ya juya shi, ya sa na mahaifina gaba, ya cire "Malam", ya mayar. Babu. Na tafi ofishin da kaina, wata yarinya mai haƙuri ta buga sunan nawa sau uku, ta ce, "Baba, babu wani laifi da sunanka a nan."

Wallahi ban taɓa jin magana mai daɗi daga bakin hukuma kamar wannan ba. Na fito ina taku ɗai-ɗai, na tsaya na sayi tsire na kai gida, na shaida wa iyali cewa addu'ar iyaye ba ta faɗuwa ƙasa banza, har kwamfuta tana gogewa. Uwargida ta bari sai da na cinye rabona, sannan ta ce, "To ina takardun motar?"

Na shafe mako uku ina tuƙi ba takarda, ina bin lunguna kamar mai tallar kayan sata. Don in kauce wa titin Ali Akilu sai in ratsa ta Unguwar Sarki, in ɓulla inda ban nufa ba, man da na ƙona ya ninka tarar. Da na gaji na koma ofis. Wannan karon yarinyar ta ce in ba ta lambar mota. Tana bugawa abu ya fito. Ta dubi kwamfuta, ta dubi gemuna, ta sake duban kwamfuta, ta danne bakinta da gefen mayafi. Ni a zatona sabuwar hulata ce ta burge ta. Ta ce wa'adi ya wuce, an tura maganar kotun tafi-da-gidanka, in zo ran Alhamis da ƙarfe tara.

A daren na nemi shawarar maƙwabcina, tsohon masinjan kotu da ya yi ritaya, wanda duk unguwa ke kira Lauya. Ya gyara zama a kan tabarma ya ce kada in kuskura in raina kotun don na gan ta a ƙarƙashin rumfa. Majistare na gaske ne yake zama, hukuncinsa hukunci ne, yana iya tara yana iya ɗauri. Amma, in ji shi, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 yana bayana: ba ni da laifi sai an tabbatar, kuma idan ban ji Turanci ba dole a ba ni tafinta kyauta. A nan gaskiya ya faɗa. Inda ya kai ni ya baro shi ne da ya ce, "Duk sunan da aka kira in ba naka ba ne, ko motsi kada ka yi. Kotu ba ta son shisshigi."

Alhamis na sa babbar riga. Rumfa ce ta tamfol, da tebur ɗaya, da fankar da ba wuta, da bencina cike da direbobin Keke Napep da 'yan tasi, sai wani mai tifa da ya yi lodin yashi har ya fi ƙarfin motar. Aka daka tsawar "Kooot!" muka miƙe. Shari'ar tana sauri kamar layin cirar kuɗi: a kira suna, a karanta laifi, tafinta ya ce ka amsa ko ba ka amsa ba, a yanka tara, na gaba. Wani ɗan keke ya ce shi bai ga danja ba sam. Majistare ya tambaye shi shekara nawa yana bin titin, ya ce tara. Aka ce to ya biya kuɗin ganin ido.

Can sai magatakarda ya ɗaga murya: "Hajiya Wance!"

Shiru. Babu mace ko ɗaya a rumfar. Ya sake kira. Na juya ga na kusa da ni na ce, "Ka ga manyan mata, su ba sa zuwa, sai mu talakawa." Ya ce wallahi kuwa. Aka kira na uku. Majistare ya ce a karanto lambar mota. Magatakarda ya fara: D, K, A… Kowane harafi kamar ana ɗiga mini ruwan sanyi a ƙeya. Kafin ya kai ƙarshe na tuna baƙar leda, na tuna dillali, na tuna yaron da yake rubutu yana cewa "haka ne, Baba." Daga takardar da ke sama ya kwafi suna.

Na miƙe da babbar rigata da gemuna.

Majistare ya sauke tabarau zuwa kan hanci. "Kai ne Hajiya?"

"Ranka ya daɗe, ni ne, amma ba ni ba ce."

Rumfar ta ɗauka. Mai tifa har da buga benci. Sai da aka yi tsawa sau biyu kafin a natsu, shi kansa majistare na ga ya daɗe yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Tafinta kuma, ko don bin abin da ke rubuce ko don mugunta, ya dube ni ya ce, "Kin amsa laifinki ko ba ki amsa ba?"

Duk sashe na 36 ya gudu daga kaina. Na ce na amsa. Aka tambaye ni wa yake tuƙi, na ce ni. Wa yake waya? Na ce a gaskiya ita ce take magana, ni saurare kawai nake yi. Majistare ya ce, "Hajiyar?" Na ce a'a, ta gida. Ya ce in tsaya haka nan kada in jawo mutum na uku. Ya yanka mini tara, ya kuma ja kunnena cewa in je in mayar da takardu sunana, domin duk abin da motar nan ta aikata a duniya, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba za a nema. Na biya a wurin mai POS da ya kafa lema a bakin ƙofa, wanda da alama ya fi kowa sanin ranakun zaman kotu.

Canjin sunan ya ci wata guda. Dillalin ya koma sayar da filaye a Rigachikun, sai da na yi masa sintiri uku kafin ya tono takardar ciniki. Na yi takardar rantsuwa a kotu, na ɗauki hoto, na biya wancan na biya wannan. Da na zauna na haɗa lissafi, har da tsire da man lunguna, sai na ninke takardar na sa a ƙarƙashin tabarma, don hawan jini ba ya sallama. Har yau idan na tsaya a danjar kusa da kasuwa, akan sami ɗan keken da zai leƙo ya ce, "Hajiya, an fito?"

Ban gaya wa kowa a gida yadda aka yi ba. Na ce an yi shari'a, an gama lafiya. Sai dai tun ranar dunƙulen nan uwargida ta ɗauki al'adar lalube aljihuna kafin mai wanki ya zo. Ran Asabar ina alwala ta fito tsakar gida riƙe da rasit, ta miƙe shi sosai a gaban hasken rana, ta karanta sunan da ke kai a hankali, harafi bayan harafi.

"Malam," ta ce, "wace ce wannan da har kake zuwa kotu kana biya mata tara?"