Ashe Ban San Wainar da Ake Toyawa Ba

Shekara biyu da aurenmu, ban taɓa cin girkin matata na tashi ban ce "amma" ba. Tuwo ya yi, amma miyar ta so gishiri. Dambu ya yi, amma da an ƙara zogale. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Kano, jan biro ya bi jikina har yana biyo ni kan tabarmar cin abinci. Ita kuwa 'yar Bauchi ce, garin da yarinya ke iya juya masa kafin ta iya ɗaura kallabi. Mu a Kano waina muke cewa, kuma duk ranar da na ce waina sai ta gyara mini kamar na ɓata sunan kakarta. Har masar tata na taɓa yi wa gyara, na ce gefen bai soyu daidai da tsakiya ba. Ta dube ni ta ce, "To, Malam," ta ci gaba da abin da take yi.

Da ta haihu aka tafi da ita gida wankan jego, kwana 40 cur. Aka bar ni da ƙanena ɗan jami'a da rabin buhun garin kwaki. Satin farko mai shayin bakin layi ne ya riƙe mu da Indomie da ƙwai. A sati na biyu shaiɗan ya zo mini sanye da rigar himma. Na ce a raina, mutumin da ke warware aljabara a gaban yara 70, ƙullun shinkafa ne zai gagare shi? Kuma ba waina kawai zan yi ba, wadda za ta kunyata Bauchi zan yi. Na sayi ƙaramin sikeli, na ware sabon littafi na ja masa layuka. Sannan na tafka babban kuskuren: na buɗe baki a majalisa, na gayyaci mutum shida karin kumallo ranar Asabar.

Gwajin farko da doguwar shinkafar buhu na yi, wadda aka turara tun a masana'anta, don a ganina wadda ta fi tsada ita za ta fi kyau. Abin da ya fito ya fi kama da facin taya. Dole na ɗauki waya. Da yake tana ɗakin mahaifiyarta, kuma ba suruki mai kunya da zai bari a ji yana tambayar ƙullu, sai na ɓoye bayan wata baiwar Allah da ba a halitta ba.

"Wai matar wani abokina ce ke son sanin yadda kike masa."

"Allah sarki. Ta nemi farar shinkafar tuwo. In ta jiƙa gwangwani uku ta kwana, sai ta dafa ɗaya ya yi luguf, ta haɗa a kai markaɗe da albasa."

Na rubuta: uku bisa ɗaya. Raina ya yi fari, ga lissafi ya shigo.

"Yis fa, giram nawa?"

"Ɗan kaɗan."

"Kaɗan ɗin nawa ne?"

"Yadda dai zai isa, Malam."

"Ruwa fa?"

"Kar ya yi kauri, kar kuma ya tsinke."

"Awa nawa zai yi kafin ya tashi?"

"Ai za ta gani. In ya tashi ba ya ɓuya."

Can daga nesa na jiyo muryar Hajiya: "Ki ce wa matar abokin nasa ta bi wuta a hankali." Sai wata dariya da aka toshe da gefen mayafi. Na kashe waya ina ƙunƙuni, ina cewa abin da ya hana mu ci gaba ke nan, ilimi ba ma'auni.

Ranar Alhamis na shiga Kasuwar Rimi na auno kwano guda na shinkafar tuwo, na sayi sabuwar tandar ƙasa mai rami tara. Tsohuwar da ta sayar mini ta ce sai an fara ɗora ta a wuta an shayar da ita mai kafin a zuba ƙullu. Na gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya sani. Washegari da yamma na bi layin injin markaɗe, ni kaɗai mai gemu a tsakiyar 'yan mata da bokitai. Wata 'yar da ba ta wuce shekara tara ba ta ƙare mini kallo, ta ce, "Baba, matarka yaji ta yi?"

To ga inda boko ya kashe ni. Na san yis halitta ce mai rai, sukari take ci ta fitar da iska, iskar nan ce ke kumbura ƙullu ta bar waina da 'yan ƙofofi a ciki. Na kuma san zafi na ƙara mata kuzari. Duk na sani, zan iya zana shi a allo. Amma sai na yi lissafin cewa in cokali ɗaya na sa waina ta yi taushi, biyar za su sa ta yi kamar auduga. Na zuba biyar, kowanne da tozo, na bi da sukari. Na manta watan Afrilu ake ciki, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, dare ma bango na huci kamar tanderu. Na juye ƙullun a bokitin fenti, na danne murfin da gwiwa har ya ce ƙas, don kada ƙura ta shiga. Ni mutum ne mai tsafta.

Wajen ƙarfe uku na dare muka ji daram! Na diro daga gado ina salati, ƙanena ya fito da taɓarya yana kiran ɓarayi. Muka laɓe a ƙofar kicin, kowa na tura ɗan'uwansa gaba. Da na haska tocila, murfin na kan kabad, silin ya yi fari, ƙullun kuwa ya gangaro daga bokiti yana tafiya a hankali zuwa bakin ƙofa yana tsatsafa, kamar mai shirin komawa Bauchi. Gaskiyarta, in ya tashi ba ya ɓuya.

Na ceto abin da bai kai rabi ba. Na ɗanɗana, tsami kamar an jiƙa tsamiya. Nan ma ilimi ya sake miƙa hannu: kanwa na kashe tsami. Haka ne, amma ɗan ruwanta ake ɗigawa. Ni na kwarara. Ƙullun ya koma ruwan ɗorawa, yana wani ƙamshi tsakanin kunun kanwa da sabulun salo.

Da asuba na hura gawayi, na ɗora sabuwar tanda, na yi ta fifita har wuta na lasar gefenta, don ina da baƙi kuma lokaci ya ƙure. Na ɗiga mai na zuba ƙullu. Tandar da ba ta taɓa ganin mai ba ta shanye shi nan take, ta rungume ƙullun ta ƙi saki. Sau ɗari na ga matata na juya masa: gefen cokali kawai take sakawa, ta ɗan karkata wuyan hannu, masar ta kife da kanta, alhali tana ba ni labari, ido ɗaya na kan miyar taushe. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Ni kuwa haƙar rijiya na yi ta yi. Ƙasa ta ƙone ƙurmus, ciki ɗanye sharaf. Cikin rami tara, ɗaya ce ta fito da siffar da za a iya kai ta gaban alƙali a rantse waina ce. Na ɗora ta a sikeli na rubuta nauyinta, don kada a ce littafin bai yi aiki ba.

Almajirin gidanmu ya yi sallama, na cika masa roba. Yaron da ban taɓa ganin ya mayar da ɗumame ba ya duba, ya sansana, ya ce, "Malam, Allah ya ba da lada. Yau na ƙoshi." Ƙarfe bakwai na safe.

Sai na tura ƙanena ta ƙofar baya wajen Iya mai waina, da kuɗin da ba su cika ba da alkawarin ciko. Na jera wainar a farantin amarya, na yayyafa wa rigata ɗan ƙullu, ko da yake ba ta buƙata. Baƙi suka ci suna santi. Na fara bayanin uku bisa ɗaya, har na kai ga muhimmancin ma'auni a rayuwar al'umma. Wani dattijon majalisa yana tauna a hankali, ya ce, "Ikon Allah. Shekara 15 ina cin wainar Iya, ban taɓa jin wanda hannunsa ya zo ɗaya da nata ba sai kai."

Ban gama murmushi ba aka yi sallama a zaure. Yarinyar nan ce ta layin markaɗe.

"Wai in ji Iya, a ba da kwanon, da cikon ɗari biyar."

Har yau a majalisa Uku-Bisa-Ɗaya ake kirana.

Ranar da aka yi arba'in aka dawo da mai jego, na riga na wanke kicin sau uku, na ɓoye tandar a bayan buhun gawayi. Ta shiga, ta ɗaga kai ta kalli silin, ta daɗe tana kallo. Ba ta ce komai ba. Da safe ta ciro tandar, ta kankare ta, ta shayar da ita mai a kan wuta marar ƙarfi. Kwana biyu bayan nan ta ajiye mini masa a gaba, fara tas, gefe da tsakiya duk ɗaya. Ta zauna da jaririya a cinya tana jira. Na ci shida ban ɗago ba.

"Malam, yau babu amma?"

Na nuna mata bakina a cike yake.

"To in ka haɗiye," in ji ta, "Hajiya ta ce a gaida matar abokin naka."