Ɗan Sahu Ya Yi Daraja a Jaifur

Akwai wani irin mutum, kowa ya san shi, wanda a Kano gara ya makara ɗaurin aure da a gan shi yana saukowa daga A Daidaita Sahu. Amma bari ya je Indiya, ko rakiyar mara lafiya ko sarin kaya, a ce masa ga Jaifur can ƙasa da kilomita 300 daga Delhi. Nan take zai tattare babbar riga ya cusa kansa cikin keke mai ƙafa uku, ya miƙa wa direba waya ya ɗauke shi hoto, ya tura wa dangi a WhatsApp. Alhali abin hawan shi ne dai wanda ya baro a gida. Kamfanonin Bajaj da TVS na Indiya da ke ƙera na can su ne ke ƙera namu, ƙarar ɗaya, jijjigar ɗaya. A gida yana ɓoye fuska kada a gan shi, a can kuma har data yake saye don a gan shi. Ashe darajar keken ba a ƙarfensa take ba, tana ga yawan kuɗin jirgin da aka kashe kafin a hau shi.

Garin kam ya isa a kalla. Sarki Sawai Jai Singh na biyu ne ya kafa shi a 1727, aka shafe gine-ginensa da launin ruwan hoda a 1876 don tarbar yariman Ingila, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2019. A tsakiyarsa akwai Hawa Mahal, bene mai hawa biyar da aka gina a 1799 da ƙananan tagogi 953, domin matan fada da ke kulle su riƙa kallon titi ba tare da an gan su ba. Keken kuwa ya juya wannan hikimar kai a ƙasa: kowa na kallon fasinja, shi ba ya ganin komai. Rufin ya sauko masa har gira, don haka cikin hawa biyar ɗin na ƙasa kaɗai ke rabonsa, in kuwa ya leƙo da kai don ya ga sauran, mai babur ya wuce da hularsa. Abin da yake kallo sosai tun safe har la'asar shi ne ƙeyar direba, sai kuma haƙarƙarin saniyar da ta tsaya a tsakiyar titi ba mai ce mata kanzil.

Za a ce ai direban ɗan gari ne, ya san lungu da saƙo, ya fi kowane littafi. Gaskiya ne ya san gari, musamman shagunan da ke ba shi la'ada. Daga tsakiyar birni zuwa ganuwar Amber kilomita 11 ne, amma hanyar baƙo sai ta bi ta shagon duwatsun ado, ta ratsa na darduma, ta yada zango a wurin masu buga zanen atamfa da hannu, kuma kowane mai shago ɗan'uwan direba ne na jini. Mitar da aka liƙa don auna kuɗin tafiya kuwa, ciwonta ba ya tashi sai ta ga baƙo. Mutumin da a Kantin Kwari zai yi awa guda yana "albarka" da "a rage" a kan yadi biyar, a nan sai ya biya ninki uku har da godiya, saboda an kira shi aboki an kuma ba shi shayi mai madara. Ban ga laifin direba ba. Shi ma balas yake nema, kuma ba shi ya aika wa kowa biza ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce keken na kutsawa inda mota ba ta shiga, yana da araha, kuma mutum na jin ƙamshin gari da hayaniyarsa maimakon ya kalle shi ta bayan gilashi. Wannan ba musu a kai, shi ya sa har Turawa ke biyan kuɗi su tuƙa shi da kansu daga wannan gefen Indiya zuwa wancan. Sai dai hujjar ba ta da fasfo. In ta yi aiki a kasuwar Johari, ta yi aiki a Kurmi, kuma keken da ya kai mutum Amber zai iya kai shi Gidan Makama, ya biya da shi marinar Ƙofar Mata, ya sauke shi a gindin Dala. Don haka Alhaji, in an dawo lafiya, ga ɗan sahu nan a bakin titi. A yi shatarsa ranar Asabar, a zauna a gyara hula, a turo mana hoton.